Ciwon da Mai Kitso Ta Kira Sanyi

Shekara ashirin da shida kaina yana hannun mace ɗaya. Ba 'yar'uwata ba ce. Maƙwabciya ce, gida uku tsakaninmu, kuma duk layin Mai Kitso muke ce mata, har mijinta in ya fito nemanta haka yake tambaya. Ni kuma Yaya take kirana, don na ba ta shekara goma sha biyar. Da izininta nake wannan rubutu. Ta ce in faɗi komai, in dai ban ƙara mata shekaru ba.

Ɗakin aikinta ɗan ƙarami ne, a bakin ƙofar gidansu. Mijinta mai gyaran rediyo ne, kuma a da nan yake tara matattun rediyoyin da masu su suka manta da su, kafin ta kore su zuwa bayan gida. Taga ɗaya ce. Akwai tabarmar roba, da gajeriyar kujerar katako da take zama a kai, da madubin da ya tsage a kusurwa. A gefen damanta gwangwanin madara ne cike da kibiyoyi da mataji, sai kwalbar mai. Wadda ta zo kitso a ƙasa take zama, ta ba ta baya, kafaɗunta tsakanin gwiwoyin Mai Kitso. In an zo gefen kai, sai ki kwantar da kunci a cinyarta. Duk wanda zai fahimci labarin nan sai ya fahimci wannan zaman. Tela yana iya yin wari ya ɗinka miki riga mai kyau. Mai kitso ba ta da wannan damar, domin hancinki yana kan zanenta awa uku.

Tun tana shekara tara ta koya a wajen ƙanwar mahaifiyarta, a kan kawunan ƙannenta da suka sha ranƙwashi. Ba ta gama firamare ba. Da wannan gwangwanin ta aurar da 'ya'ya mata biyu, lokacin da mutane suka koma sauraron labarai a waya, aikin mijin ya ja baya. Tsagarta miƙaƙƙiya ce kamar an ja da rula, kuma ba ta jan gashi har fata ta ɗaga. Bakinta ne ba ya hutawa. Ta sha ce mini, "Yaya, gashin nan naki kullum guduwa yake. An kusa in koma zana miki shi da biro."

Shekara tara ke nan, ta hau babur za ta kasuwa sayen zaren kitso, mota ta goge su. Ta faɗi zaune, ƙugunta ya daki bakin kwalbati. Ta yi wata biyu a kwance. Da ta tashi, ƙafarta ta hagu tana ɗan ja, amma tana tafiya, kowa ya ce an auna arziki. Aka manta da zancen.

Abin da na fara lura da shi turare ne. A da ba ta damu da shi ba, sai ga kasko yana hayaƙi a ɗakin tun safe, har idon mutum ya yi ta hawaye. Daga nan ta daina shan shayi, ita da ba ta rabuwa da fulas. Leɓenta ya bushe ya tsattsage. Ta sa matashi a kan kujerar, kuma duk motsin da ta yi sai ki ji ƙarar leda a ƙarƙashinsa. Wata rana ta miƙe tsakiyar kitso ta shiga gida da koren zane, ta dawo da shuɗi.

Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na bari muka zama mu biyu, na ce, "Ke, fitsari nake ji."

Hannunta ya tsaya a kaina. Can ta ce, "Sanyi ne, Yaya. Ina shan magani."

Mu mata mun san kalmar nan. Ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, rashin haihuwa sanyi ne, ko miji ne ya daina waiwayarki wata za ta ce sanyi ne. Kalma ce mai rufa asiri. Da kin faɗe ta an gane abin yana ƙasan cibiya, sai a daina tambaya a fara ba ki magani. Na yi sakandare, na yi shekara talatin ina buga keken rubutu a ofis, amma ni ma da ta faɗa sai na gyaɗa kai, na ce ta gwada kafson da ya yi wa 'yata aiki. Laifina ne wannan, ban ɓoye shi ba.

Shekara huɗu ta yi tana maganin sanyi. Mai kemis ya ba ta ja da fari, ya ba ta ja da baƙi. Masu sassaƙe suka ba ta na dafawa da na zama a ciki. Sau uku ta je ƙaramin asibitin unguwa, ta bi layin mata sama da hamsin, ta isa gaban ma'aikaciyar da ta gaji tun kafin azahar. "Me ke damunki?" "Sanyi." Sai a rubuta, a kira ta gaba. Ban ga laifin ma'aikaciyar sosai ba. An ba ta sunan ciwo, ta ba da maganin sunan.

Dabarar da Mai Kitso ta samo wa kanta ita ce ƙishirwa. In ba ta sha ba, ba zai zubo da yawa ba. Takan wuni da kofi ɗaya.

Duk da haka mata suka fara janyewa. Matar mahauci ce ta fasa abin. Ana tsakiyar yi mata kitso, da mutum uku suna jiran layi, ta ɗago kai ta ce, "Wai mage ce ke kwana a ɗakin nan?"

Mai Kitso ta mayar mata da kan ƙasa ta ce, "Ba mu da mage. Sai dai in ta biyo ƙanshin zanenki, ai kowa ya san abin da ake yanka a gidanku."

Aka yi dariya, har da ita matar mahaucin. Amma ba ta sake dawowa ba, kuma ba ta yi shiru ba. A lokacin ne aka buɗe sabon shago a bakin titi, da dogayen kujeru da madubi bango guda, inda kan mutum ba ya kusantar cinyar kowa. Kafin shekara ta huɗu ta ƙare, daga ni sai tsofaffi uku muka rage mata, biyu daga ciki ma hancinsu ya daɗe da yin ritaya. Ba ta taɓa yi mini kuka ba. Takan share ɗakin, ta jera kibiyoyi, ta zauna tana kallon ƙofa.

Wata rana da tsakar rana mijinta ya yi sallama a gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, zo ki gani." Na same ta a dunƙule tana rawar jiki, tana amai, hannunta a kan kwiɓinta na hagu. Muka kai ta babban asibiti. Na bi su ne don na iya cike takardu.

Bayan kwana biyar zazzaɓin ya sauka, aka tura mu wajen likitan mafitsara. Mutum ne mai sanƙo, mai magana a hankali. Tana ganinsa ta raɗa mini, "Wannan ba kwastomana ba ne."

Ya ce, "Mama, me ke damunki?"

"Sanyi ne, likita."

"Mu ajiye sanyi tukuna. Faɗa mini abin da jikinki yake yi."

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. Na ce, "Fitsari ke zubo mata, shekara huɗu."

Bai canza fuska ba. Ya ce mata, "In mafitsara ta cika, kina ji?"

"Ba na ji. Sai dai in ji ɗumi a cinya."

"In kin tsuguna da kanki, yana fita duka?"

"Ɗan kaɗan. Ina miƙewa ya biyo ni."

"Kin taɓa faɗuwa, ko wani abu ya bugi bayanki?"

Ta ce a'a. Da gaske ta manta, ko kuma ba ta ga abin da ya haɗa baya da fitsari ba. Mijin ne ya ce, "Babur."

Aka ja labule, nas ta tsaya, likita ya riƙa taɓa ta da auduga da ɗan tsinke a cinya da wajen zama yana tambaya. Ina jin amsarta daga waje: "Ban ji ba. Nan ma ban ji ba." Aka yi hotuna, aka yi wani gwaji da ake zuba ruwa a mafitsara ana auna yadda take ɗauka. Bayan mako biyu ya zaunar da mu ya yi bayani. Akwai jijiyoyin da suka fito daga lakar baya suka tafi mafitsara. Su ke gaya wa mutum ta cika, su ke sa ta riƙe, su ke sa ta saki. Faɗuwar nan ta lalata su. Mafitsarar ta ƙanƙance ta yi tauri, tana matsa fitsari ya zubo ƙasa, tana kuma tura shi sama zuwa ƙoda. Ƙodar hagu ta riga ta kumbura. Ƙin shan ruwan da take yi ya ƙara wa abin wuta.

Mijin ya ce, "Wato waya ce ta katse, lasifika na nan lafiya."

Likita ya ce, "Da farko haka ne. Yanzu lasifikar ma ta taɓu."

Mai Kitso ta ce, "To sanyin fa?"

"Ciwon da ya kwantar da ke kwanan nan ƙwayoyin cuta ne, gaskiya. Amma sun samu wurin zama ne saboda fitsari yana kwanciya. Kin yi shekara huɗu kina korar baƙi kin bar ƙofa a buɗe."

Ba a fara da wuƙa ba. Ya ba ta ƙwayoyin da ke sassauta mafitsara, aka koya mata sa siririyar roba ta ƙasa tana juye fitsarin da kanta. Wata shida ta yi a haka. Ya ragu, amma bai tsaya ba, kuma hoto ya nuna ƙodar ba ta huta ba. Sai ya kawo zancen tiyata.

Ta ji daɗi da farko. Ta ce, "Yauwa. Ku ɗinke jijiyar kowa ya huta."

Ya ce, "Ba a ɗinke ta, Mama. Wannan ta tafi ke nan. Wata hanya za mu yi miki."

Ya zana mata a bayan takarda. Za a yanko guntun hanjinta a buɗe shi a ɗinka a jikin mafitsara, ta ƙara girma ta daina matsi. Za a ƙarfafa bakin mafitsarar ta ƙasa don ya daina yoyo. Sannan a ɗauki ɗan wutsiyar hanjin nan da ake cire wa mutane in ya kumbura, a yi bututu da shi daga mafitsara zuwa cibiya. Duk bayan awa huɗu za ta zura roba ta cibiyar ta juye, har ƙarshen rayuwarta. Ya ce aiki ne babba, ana iya samun matsala a hanji, ana iya samun tsakuwa daga baya, kuma in ta yi sakaci ta bar mafitsarar ta cika fiye da kima tana iya fashewa.

Ta ce, "Ta cibiya? Ni da jikoki?"

"Ta cibiya."

Na zaci za ta ce mu tashi. Ba ta tambayi mutuwa ba, ba ta tambayi ƙoda ba. Ta ce, "In mace ta kwantar da kai a cinyata, za ta ji wari?"

Ya ce, "In kin kiyaye lokaci kin kiyaye tsafta, ba za ta ji ba."

"To a yi."

Ana gobe aiki ta zauna a kan gadon asibiti ta tsefe kanta ta kitse shi tsaf, ba madubi. Ta ce ba za a kwantar da mai kitso a gaban likitoci da kai kamar sheƙar tsuntsu ba. Da nas ta zo sa ruwa, ta ɓoye hannun dama a ƙarƙashin bargo ta miƙa hagu. Aka shiga da ita ƙarfe takwas na safe, aka fito da ita bayan la'asar. Mijin ya wuni a kan benci yana kwakkwance tocilar mai gadi yana mayarwa, alhali batir kawai ta rasa.

Ta fito da robobi ko'ina, har a hanci. Aka hana ta ci sai hanji ya farfaɗo, kuma alamar farfaɗowarsa ita ce iska. Kowace safiya nas za ta tsaya a kanta ta ce, "Mama, kin yi tusa?" A rana ta huɗu ta ce mini, "Yaya, shekara hamsin da biyar ina ɓoye abar nan, yau ita ce takardar sallamata." Ɗinkin ya yi ruwa a gefe ɗaya, ta ƙara kwana goma a kan abin da aka ce. Ta rame har zobenta ya faɗi a cikin kwanon wanke hannu. Akwai ranar da ta juya ga bango ta ce da ta sani da ba ta yarda ba. Ban rarrashe ta ba. Na ce an riga an yi, ta sha ruwanta.

Da lokacin koyon robar ya yi, nas ta ce wasu sai sun yi kwana uku suna fama. Mai Kitso ta wanke hannu, ta shafa wa robar mai, ta zura sau ɗaya ta shige. Yatsun da suka saba raba silin gashi ba su sha wuya ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne majinar da ta ga tana fitowa tare da fitsarin. Nas ta ce hanjin bai san an canza masa aiki ba, zai ci gaba da yin abin da ya saba, don haka kullum sai ta wanke ciki da sirinji da ruwan da aka ba ta. Mijin ya saita mata ƙararrawar waya, awa huɗu huɗu. Aka ce ta riƙa shan ruwa sosai. Wannan ya fi komai yi mata wuya, don ta koya wa kanta tsoron kofi.

Wata uku bayan ta dawo gida ta buɗe ɗakin. Ta zubar da tsohuwar tabarma da matashin, ta wanke bango. Kaskon turare ta ba ni kyauta. Ta ce, "In na kunna za su ce ɓoyewa nake yi." Ni na fara zama. Na kwantar da kunci, na shaƙa da gangan har ta ji. Sabulu na ji, da man kitso. Na ce, "Babu." Ta ce, "To daina shinshina ni kamar akuya, miƙe wuyanki."

Amma hancina ni kaɗai ba ya cika ɗaki. Mako uku daga ni sai tsofaffin nan. Matar mahauci ba ta dawo ba, har yau. Labari kuwa ya zaga layin, ya yi rassa. Wasu suka ce jaka aka rataya mata a ciki. Wasu suka ce an sa mata famfo a cibiya. Na so in bi gida gida in ƙaryata, ta hana ni.

Ranar wata Laraba ina zaune a ɗakin, wata yarinya ta yi sallama. Amaryar mai fenti ce, sababbin 'yan haya a ƙarshen layi. Ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwali a hannu, idonta ba ya kan gwangwanin kibiyoyi, yana kan cikin Mai Kitso.

Mai Kitso ta ce, "Kitso kika zo ko kallo?"

"Kitso, Anti."

"Ƙarya kike. A bakin famfo aka ba ki labari. Shigo ki gani, sai ki kai musu na gaskiya."

Ta ɗaga riga, ta ɓare ɗan filastan da ke kan cibiyar. Tabon ɗinki ne dogo, sai cibiya kamar ta kowa, da ɗan jan wuri a tsakiya wanda bai kai ƙwayar wake ba.

Yarinyar ta ce, "Shi ke nan?"

"Me kika zata, tiyo? Zauna. Wa ya ci miki gaban goshi haka?"

"A shagon bakin titi ne."

"Na gani. Suna ja kamar bashi suke karɓa."

Yarinyar ta zauna, amma ta ƙame wuya, ta tura kai gaba yadda ba zai taɓa gwiwa ba. Mai Kitso ta tsaga, ta shafa mai, ta fara. An yi kusan rabi wayar ta yi ƙara. Ta soke kibiya a cikin gashin ta miƙe, ta ce da muryarta ta kullum, "Zan je in juye fitsari. Minti biyar. Kada ki taɓa tsagar nan." Yarinyar ta dube ni. Na ce, "Ke ba kya yi?"

Mai Kitso ta dawo, ta wanke hannu da sabulu a gabanmu, ta shanye kofin ruwa, ta zauna. Yanzu gefen kai ya rage. Ta sa tafin hannu ta karkatar da kan a hankali, yarinyar ta ɗan turje, sannan ta bari kuncinta ya sauka a kan zanen. Ina kallon hancinta. Ya buɗe sau biyu, ya daina.

Suka shiga hira a kan mijin da ke dawowa gida da fenti har cikin kunne. Amsoshin yarinyar suka riƙa gajarcewa. Kafin a kai bayan kunne bakinta ya saki, ta fara ɗan minshari, miyau yana jiƙa zanen Mai Kitso.

Na ce, "In tashe ta?"

Ta ce, "Bar ta, Yaya. Miƙo mini man nan."